Me ya sa zakaran dokin tsere yake barin fili tun yana kan ganiyarsa?

A ranar 5 ga Nuwamba 2022 wani doki mai suna Flightline ya lashe Breeders' Cup Classic a filin Keeneland da ke jihar Kentucky ta Amurka, ya ba na biyu ratar da ta haura tsawon doki takwas. Washegari masu shi suka sanar cewa ya gama tsere ke nan. Shekararsa huɗu, lafiyarsa ƙalau, sau shida kacal aka taɓa fito da shi, kuma duka shidan shi ne kan gaba. Shekara guda bayan haka aka maimaita irin wannan a Jafan. Equinox, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a duniya, ya ci Japan Cup a ƙarshen Nuwamba 2023, kafin mako ya zagayo aka ce ya yi ritaya, bayan tsere goma.

Duk wanda ya saba da sauran wasanni dole abin ya ɗaure masa kai, domin a can gwani yakan ci gaba har sai ƙarfinsa ya fara ja da baya. A tseren dawaki kuwa, yawanci dokin da ya fi kowa gudu shi ake fara janyewa. Dalilin yana cikin dokokin wannan jinsi na doki, da tsarin tseren kansa, da kuma lissafin kuɗin da ke bayan fage. Tarihin Frankel, dokin Ingila da ya yi tsere 14 ba a taɓa kayar da shi ba, ya isa a ga yadda abubuwan uku suke cakuɗe da juna.

Wane irin doki ake magana a kai

Thoroughbred jinsi ne da aka samar a Ingila daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, ta hanyar haɗa goɗiyoyin ƙasar da ingarmun da aka kawo daga gabas. Duk dokin wannan jinsi da ke raye a yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, za ta tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku: Byerley Turk, Darley Arabian ko Godolphin Arabian, kuma mafi rinjaye ga Darley Arabian suke komawa. Tun 1791 iyalan Weatherby suka fara buga kundin nasabar jinsin. Dokin da sunan uwarsa da na ubansa ba sa cikin wannan kundi ko makamantansa na sauran ƙasashe, ba ya shiga manyan gasanni komai gudunsa.

Dokoki biyu na kundin su ne tushen duk abin da zai biyo baya. Ta farko, ba a yi wa dukushi rajista sai in ta hanyar barbara ta zahiri aka samu cikinsa. Ba a yarda a ɗebi maniyyin ingarma a ɗura wa goɗiya ba, kamar yadda ake yi wa shanu da wasu jinsunan dawaki. Saboda haka yawan 'ya'yan da ingarma zai iya haifa a shekara yana da iyaka, iyakar kuwa ita ke sa kowace barbara ta yi tsada.

Ta biyu, shekarun doki ba daga ranar haihuwarsa ake ƙirga su ba. A ƙasashen arewacin duniya, kowane doki yana ƙara shekara a ranar 1 ga Janairu. A Ostireliya da maƙwabtanta kuma 1 ga Agusta. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, don haka masu kiwo suke fara barbara daga tsakiyar Fabrairu, domin a haihu a farkon shekara mai zuwa. Dukushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Mayu sa'o'in juna ne a takarda, amma in suka haɗu a fili suna 'yan shekara biyu, wata ukun nan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Matakan tsere da yadda ake auna doki

Yawancin tseren da ake yi kullum na daidaita nauyi ne. Akwai jami'in da ke ba kowane doki maki gwargwadon abin da ya nuna a baya, sai a ɗora wa mai maki da yawa nauyi fiye da na sauran, ta hanyar sa dalma a aljihun shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi. Manufar ita ce kowa ya samu damar ci. Zakaru ba a nan ake gane su ba. Su gasanninsu suna cikin wani tsari da Turai ta kafa a 1971, wanda ya kasa manyan gasanni rukuni uku, Rukuni na Ɗaya shi ne ƙololuwa. A nan dawakan nauyi ɗaya suke ɗauka, sai ɗan sassaucin da ake yi wa mata, kimanin laba uku a Turai, da wanda ake yi wa 'yan shekara uku in sun haɗu da yayyensu. Wannan sassauci na shekaru yana raguwa wata bayan wata yayin da ƙaramin ke ƙara ƙarfi.

A cikin Rukuni na Ɗaya akwai wasu gasanni da suka fi sauran daraja, kuma 'yan shekara uku kaɗai ke shigarsu. A Ingila guda biyar ne: St Leger da aka fara a 1776, Oaks a 1779, Derby a 1780, 2000 Guineas a 1809, sai 1000 Guineas a 1814. A Amurka uku ne: Kentucky Derby, Preakness da Belmont. Ke nan doki sau ɗaya tak yake da wannan dama a rayuwarsa. Wanda ya yi ɗingishi a watan Mayu na shekararsa ta uku, ta wuce shi har abada. Wanda kuma ya ci, ya riga ya samu lambar da masu kiwo suka fi daraja tun bai gama girma ba.

Nisa ma yana raba dawaki gida-gida. Akwai masu gajeren zango na mita 1,000 zuwa 1,200, akwai na mil ɗaya, wato kimanin mita 1,600, akwai na matsakaicin zango daga mita 2,000 zuwa 2,400, sannan masu dogon numfashi. Ratar da ke tsakanin dawaki a ƙarshen tsere da tsawon jikin doki ake auna ta, kusan mita biyu da rabi. Daga wannan rata ake fitar da maki: maki ɗaya daidai yake da laba ɗaya ta nauyi, kuma a tseren mil ɗaya tsawon doki guda yakan tashi kusan maki biyu. Dokin da ya kai maki 120 ya shiga sahun manya. Wanda ya kai 130 zakaran shekararsa ne. Frankel da Flightline kowannensu 140 aka ba shi.

Kafin a kai ga fili

Ana yaye dukushi yana wata biyar ko shida. Wanda za a sayar, ana kai shi gwanjo a kakar shekara mai zuwa, a wurare irin su Tattersalls da ke garin Newmarket a Ingila ko Keeneland. Yana kimanin wata 18 ake fara saba masa da linzami, a riƙa kora shi da doguwar igiya daga baya har ya koyi juyawa da tsayawa, sannan sirdi, sannan mutum ya kwanta a bayansa a gicciye kafin a kai ga zama sosai. Bayan haka sai sassarfa, sai sukuwa a hankali, ana ƙara sauri mako bayan mako. Ana kuma koya masa shiga akwatin tashi ya tsaya cik har ƙofa ta buɗe. Dokin da ya ƙi wannan, alkalan fili ba sa barinsa ya yi tsere sai ya sake cin gwaji.

Da yawa ba sa kaiwa ga fili ko sau ɗaya. Cikin waɗanda suka kai, mafi yawa ba sa cin komai a shekararsu ta farko.

Frankel: tsere 14 cikin wata 26

An haifi Frankel a ranar 11 ga Fabrairu 2008. Ubansa Galileo ne, ingarman kamfanin Coolmore na ƙasar Ailan. Uwarsa Kind, goɗiyar Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, mai gonakin Juddmonte. Akwai yarjejeniya tsakanin gidajen biyu cewa Juddmonte zai aika goɗiyoyinsa wajen ingarmun Coolmore, in an haihu a raba 'ya'yan ana zaɓa bi da bi. A wannan shekara zaɓin farko na Yarima ne, ya kuwa ɗauki ɗan Kind. Ya sa masa sunan Bobby Frankel, mai horar masa da dawaki a Amurka wanda ya rasu a 2009, ya miƙa shi ga Henry Cecil a Newmarket. Tom Queally ne ya hau shi a duk tserensa.

Fitarsa ta farko ita ce 13 ga Agusta 2010 a Newmarket, inda ya kayar da Nathaniel da rabin tsawon doki. A ranar ba wanda ya san nauyin wannan nasara. Sai da Nathaniel ya zo ya lashe babbar gasar King George a filin Ascot a shekara mai zuwa aka gane. Daga nan Frankel ya ci a Doncaster da ratar tsawon doki 13, ya ci Royal Lodge da rata 10, ya rufe shekarar da Dewhurst, Rukuni na Ɗaya na farko a tarihinsa.

Matsalarsa a lokacin ba rashin gudu ba ce, zafin kai ne. Yakan ja linzami tun daga tashi, yana neman ƙone ƙarfinsa kafin a je ko'ina. A 2000 Guineas ta 30 ga Afrilu 2011, Cecil ya yanke shawarar kada a yi kokawa da shi, a sake masa. Kafin a kai rabin mil ya bar sauran da rata fiye da goma, abin da a ƙa'ida kisan kai ne ga doki a tseren mil ɗaya, domin wanda ya fara da irin wannan gudu yakan sare a mita 200 na ƙarshe. Ya ɗan rage, amma duk da haka da rata shida ya ci, mafi girma a gasar tun 1947. Makonni shida bayan haka a Royal Ascot wannan salo ya kusa jawo masa asara. Queally ya matsa masa tun da sauran nisa, ya wuce gaba da wuri, ƙarfinsa ya fara ƙarewa, Zoffany ya taso masa, da ƙyar ya tsira da kashi uku cikin huɗu na tsawon doki. Wannan ne kusan karo ɗaya da aka ga alamar za a iya kayar da shi.

A nan ne aikin mai horarwa ya fito fili. Cecil ya riga ya ƙi sa shi a Derby, mai nisan kimanin mita 2,400, duk da matsin lambar jama'a, don a ganinsa dokin da bai koyi haƙuri ba ba zai kai wannan nisa ba. Maimakon haka ya riƙa sa shi bayan Bullet Train, wansa ta wajen uwa, a wajen atisaye da kuma a fili, shi Bullet Train yana jan gaba da taki daidai, Frankel yana biye har sai an ba shi izini. Ya kayar da Canford Cliffs da rata biyar a Sussex Stakes, ya rufe 2011 da Queen Elizabeth II Stakes.

A wannan gaɓa yawancin masu doki da sun janye shi. Yarima Khalid ya bar shi ya ƙara shekara guda, kuma a wannan shekara ce ya nuna mafi kyawun abin da ke jikinsa, duk da cewa a Afrilu 2012 ya ji ciwo a ƙafa wajen atisaye har aka yi ta raɗe-raɗin ya gama. Ya dawo ya ci Lockinge, ya ci Queen Anne da rata 11, ya sake cin Sussex. A York aka gwada shi a karo na farko a kan kimanin mita 2,100, ya ci da rata bakwai. Tserensa na ƙarshe shi ne Champion Stakes a Ascot, 20 ga Oktoba 2012, a fili mai laushi bayan ruwan sama, irin ƙasar da ba ta dace da dogon takunsa ba. Ya makara wajen fita daga akwati, amma ya kamo Cirrus des Aigles ya wuce shi da rata kusan biyu. Jimilla nasara 14, goma a Rukuni na Ɗaya. Cecil, wanda ya daɗe yana fama da cutar daji, ya rasu a Yuni 2013.

Masu suka suna da abin cewa, kuma ba shirme ba ne: bai taɓa fita Ingila ba, bai taɓa gudun mita 2,400 ba, bai je babbar gasar Arc de Triomphe (Arc) a Faransa ba. Masu kare shi kuma suna nuna Excelebration, dokin da ya sha kashi a hannunsa har sau biyar, amma duk lokacin da Frankel ba ya nan sai ya lashe manyan gasanni a Faransa da Ingila. Doki da abokan karawarsa ake auna shi, kuma na Frankel ba kanwar lasa ba ne.

Lissafin da ke janye doki

Duk abin da Frankel ya ci a fili cikin shekara uku bai cika fam miliyan 3 ba. Da aka mayar da shi gonar Banstead Manor a 2013, an sa kuɗin barbararsa fam 125,000 kowace goɗiya, aka kuma kawo masa 133 a kakar farko. A takarda wannan ya haura fam miliyan 16 cikin 'yan watanni. Ba duka ne ke shiga aljihu ba, domin wasu goɗiyoyin na mai gonar ne, kuma yawanci ba a biya sai ciki ya tabbata ko an haifi dukushi da rai. Ko da an cire waɗannan, kaka guda a gona ta ninka duk tarihinsa na tsere sau da yawa. Da 'ya'yansa suka fara ci, irin su Cracksman, da Adayar mai Derby ta 2021, da Alpinista mai Arc ta 2022, kuɗin ya hau har ya kai fam 350,000 a 2024.

Na Flightline ya fi fitowa ƙarara. Ya ci kimanin dala miliyan 4.5 a fili. Kwana biyu bayan tserensa na ƙarshe aka yi gwanjon kashi 2.5 cikin ɗari na mallakarsa, aka saya dala miliyan 4.6, wato an kimanta dokin gaba ɗaya a kan dala miliyan 184. Kuɗin barbararsa dala 200,000 aka sa. Gasar da ta fi kowace kuɗi a duniya, Saudi Cup, dala miliyan 20 ce gaba ɗaya, rabi ne na wanda ya ci. Ko da a ce zai je ya ci ba tare da shakka ba, bai kamo abin da zai samu a gona a wannan shekarar ba, ga kuɗin inshorar doki mai irin wannan daraja in yana tsere, wanda shi kansa miliyoyi ne, in ma an samu kamfanin da zai yarda ya ɗauki duka.

Akwai kuma asarar da ba ta jiki ba. Farashin ingarma a shekarunsa na farko a kan suna yake tafiya, domin sai bayan shekara uku da fara barbara 'ya'yansa za su taka fili a ga abin da suka iya. Dokin da ba a taɓa kayarwa ba yana da wani kwarjini da kashi ɗaya tak zai iya rage masa. Ci gaba da tsere ba ya ƙara masa wani abu mai yawa, faɗuwa kuwa tana rage masa.

Abin ba sabo ba ne. A farkon 1973, tun kafin dokin Amurka Secretariat ya lashe gasannin ƙasar uku da aka ambata, an riga an raba mallakarsa hannun jari 32, kowanne dala 190,000, jimilla dala miliyan 6.08, saboda harajin gado da ya hau kan iyalan mai shi bayan rasuwar mutumin. Sharaɗin masu jarin shi ne ya bar fili a ƙarshen shekarar. Haka aka yi, duk da ya ci Belmont da rata 31 cikin minti 2 da daƙiƙa 24, lokacin da har yau ba a karya ba.

Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan bayani ita ce a dubi dawakan da lissafin bai shafa ba. Goɗiya ɗa guda take haifa a shekara komai darajarta, saboda haka ba a gaggawar janye ta. Enable, ita ma ta Yarima Khalid, ta ci Arc a 2017 da 2018 ta kuma ci gaba har shekara shida. Winx a Ostireliya ta yi nasara 33 a jere kafin ta tsaya a 2019. Dandaƙaƙƙen doki kuwa ba shi da wata gona da ke jiransa. Cirrus des Aigles da Frankel ya kayar a tserensa na ƙarshe dandaƙaƙƙe ne, ya ci gaba da tsere har 2015, ya kuma ci Rukuni na Ɗaya yana shekara tara. Jinsi ɗaya, ƙashi iri ɗaya, fili ɗaya. Abin da ya raba su da Frankel shi ne abin da ke jiran kowannensu bayan tsere.

Abin da jiki ke iya ɗauka

Wannan ba ya nufin maganar haɗari ƙarya ce. Doki mai nauyin kilo 500 yana gudun kilomita 60 ko fiye a sa'a, kuma a kowane taki akwai lokacin da nauyin nan gaba ɗaya ke sauka a kan ƙafa guda. Zuciyarsa tana bugawa har kusan sau 240 a minti, saifarsa tana matse jajayen ƙwayoyin jinin da ta ajiye ta tura su cikin jijiyoyi. Matsin jinin da ke huhu yakan fasa ƙananan jijiyoyi, shi ya sa wasu dawakan ke haɓo bayan tsere. A Amurka an daɗe ana ba su maganin Lasix ranar tsere saboda haka, Turai kuwa ta hana.

Ƙashin ƙwauri yana ƙara kauri ne in ana ba shi aiki a hankali. In aka ƙara sauri fiye da yadda ƙashin ke iya gyara kansa, sai ƙananan tsaga su taru a ciki, waɗanda ido ba ya gani, wata rana ƙashin ya tsinke a tsakiyar gudu. Yawancin karayar da ake gani a fili irin wannan ce, ba tuntuɓe ba ne. Jijiyar bayan ƙwauri kuma in ta yage, tabon da take warkewa da shi ba ya miƙewa kamar na asali, shi ya sa take yawan sake yagewa.

Karaya tana kashe doki ne domin ba ya iya kwanciya na makonni, kuma ba ya iya tsayuwa a kan ƙafa uku na dogon lokaci. Ƙafar da ke ɗauke da nauyin takan kamu da kumburin naman da ke riƙe kofato da ƙashi, har ƙashin ya fara nutsewa. Barbaro, wanda ya ci Kentucky Derby a 2006, ya karye a Preakness makonni biyu bayan haka. Likitoci sun haɗa ƙashin, amma ciwon kofaton ne ya sa aka kashe shi a Janairu 2007. A alƙaluman Amurka, mutuwar doki a tsere ta kai 2 cikin kowace fita 1,000 a 2009, ta sauko zuwa 1.32 a 2023. Adadin ƙarami ne ga tsere guda, amma ga mai dukiyar dala miliyan ɗari ba abin wasa ba ne.

Wani abin da mutane da yawa ba sa tsammani: alƙaluman ba su nuna cewa fara tsere a shekara biyu shi ke lalata doki ba. Waɗanda suka fara da wuri a hannun mai lura sukan fi daɗewa a fili, saboda ƙashi ya fi karɓar horo yana ƙarami.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu gonaki suna cewa kuɗin barbara ne ke riƙe da harkar baki ɗaya. Mai doki yakan sayi goma ko ashirin ya yi asara a kansu kafin ya dace da guda, wannan gudan ne zai biya bashin sauran. In aka hana shi cin moriyar, zai janye kuɗinsa. Suna kuma cewa babu hikima a jefa dabbar da ta riga ta nuna komai cikin haɗari don kawai a faranta wa 'yan kallo.

Masu kula da filaye da marubutan wasanni suna ganin harkar tana cin kanta da kanta. Doki yakan kai cikar ƙarfinsa ne tsakanin shekara huɗu da biyar, ke nan mafi yawan zakaru ana janye su kafin a ga iyakarsu. Sea The Stars ya ci 2000 Guineas da Derby da Arc a 2009, aka janye shi yana shekara uku; ba wanda zai taɓa sanin abin da zai yi a shekara ta huɗu. Shi kansa Frankel, da an bi wannan hanya, da ba a ga Queen Anne da York ba.

Likitocin dabbobi da masana gado suna da damuwa ta daban. In ana zaɓar uba daga dawakan da suka yi tsere biyar ko shida, to gudu kawai aka gwada, ba a gwada juriya ba. A Amurka, matsakaicin fitar doki a shekara ya haura 11 a 1960, yanzu yana wajen shida, ko da yake sauyin salon horarwa ma yana da hannu a ciki. Sannan tun da ingarma guda yana iya hawa goɗiya 200 ko fiye a kaka, wasu ma a kai su Ostireliya su yi kaka ta biyu, jinin jinsin yana ta taruwa a gidaje kaɗan. A Mayu 2020 Jockey Club na Amurka, hukumar da ke riƙe da kundin nasabar jinsin a ƙasar, ya kafa dokar taƙaita duk ingarman da aka haifa daga 2020 zuwa gaba ga goɗiya 140 a kaka. Manyan gonaki uku suka kai ƙara, majalisar jihar Kentucky ta shiga maganar, aka janye dokar a Fabrairu 2022.

Ita ma gonar ba tabbas ba ce. Cigar, mai nasara 16 a jere kuma wanda ya fara cin Dubai World Cup a 1996, da aka kai shi gona ko goɗiya ɗaya bai yi wa ciki ba, inshora ta biya dala miliyan 25. George Washington, mai 2000 Guineas ta 2006, shi ma ya samu matsalar haihuwa, aka dawo da shi fili, ya karye ya mutu a Breeders' Cup Classic ta 2007. Secretariat bai haifi kamarsa ba. Ta wajen 'ya'yansa mata jininsa ya yi tasiri.

Wa abin yake shafa

'Yan kallo su ne na farko. Kafin sunan doki ya fita daga cikin masana ya isa ga jama'a, sau da yawa ya riga ya tafi, filaye kuma su koma neman wani sabon da zai cika musu kujeru. Masu caca, waɗanda kuɗinsu ne ke ciyar da kyaututtuka a ƙasashe da yawa, su ma ba su cika cin moriyar zakara ba: a Sussex Stakes ta 2012 dawaki uku kaɗai suka yarda su kara da Frankel, kuma wanda ya sa fam 20 a kansa fam ɗaya ya samu riba.

Ƙananan masu kiwo suna tsaka mai wuya. Ba su da kuɗin kai goɗiya wajen manyan ingarmu, masu saye a gwanjo kuma 'ya'yan waɗannan suke nema, ko na sabon zakaran da ake yayi. Wanda ya kai goɗiyarsa wajen sabon ingarma a kakarsa ta biyu ko ta uku caca ya yi ta shekara biyu da rabi: in 'ya'yan fari na ingarman suka fito ba su yi abin kirki ba kafin nasa dukushin ya isa gwanjo, farashin ya faɗi tun bai shiga filin gwanjon ba. Ma'aikatan barga a Birtaniya suna da wani kaso da ake cire musu daga kowace kyauta a raba, mahayi da mai horarwa ma haka. Ranar da zakara ya bar barga wannan kason ya tsaya, domin ba su da komai a kuɗin barbara sai in mai dokin ya ga dama.

Sai su kansu dawakan. Kaɗan ƙwarai ne daga cikin mazan da ake haifa ke zama ingarmun gona, kuma wanda 'ya'yansa ba su yi gudu ba, ba a daɗewa ake sayar da shi zuwa wata ƙasa a farashi mai rahusa. Ferdinand, wanda ya ci Kentucky Derby a 1986, an sayar da shi Jafan, kuma binciken 'yan jarida ya nuna a mayanka ya ƙare wajajen 2002. Tun bayan wannan labari, masu sayar da ingarmu zuwa ƙetare da yawa suke sa sharaɗi a yarjejeniya cewa in an gama da dokin, a fara tuntuɓarsu su saye shi su dawo da shi gida.